Muryar Baffa a Lasifika Huɗu

Duk wahalar da Alhaji Umaru ya sha a kan kayan sauti, magana ɗaya ce ta jawo masa ita, kuma daga bakin mahaifiyarsa ta fito.

Shekarar da aka yanke jihar Kabi daga Sakkwato, a nan ne Allah ya yi wa Baffa Abdulgani rasuwa. Umaru, ɗansa na fari, yana Ikko ya kai albasa, ko jana'iza bai samu ba. Abin da ya rage masa na tsohon kaset ne guda ɗaya tal, wanda ya ɗauka da hannunsa a rugarsu ta bayan garin Gwandu, wata rana da la'asar Baffa yana kiran shanu. Ranar sadakar arba'in ya taso daga Kalgo, inda yake zaune da iyalinsa, rungume da 'yar rikodarsa. Ya zauna a ƙofar ɗakin Inna Delu ya danna, yana jira ta fashe da kuka shi ma ya samu abokin yi.

Inna Delu kuwa Bafillatana ce ta gidi. Tun da ta haifi Umaru ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon idonsa, ba ta miƙa masa komi hannu da hannu. In tana da magana da shi, ko da gwiwarsa na gugar tata, sai ta bi ta kan ƙanensa Adamu, wanda ke kiwon shanun gidan. Ta saurari kaset ɗin har ya ƙare, maburginta bai tsaya a cikin ƙwaryar nono ba. Sannan ta ce:

"Adamu, tambayi yayanka, akuyar wa ce wagga ke mura?"

Adamu ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Umaru ya ji maganar har tsakar kansa. Gaskiya muryar ta ɗan yi siriri, amma haba, a ce akuya! Ya naɗe rikodarsa a cikin babbar riga, ya kama hanyar Kalgo, a ransa ya riga ya yanke wa rikodar hukunci: ƙanƙantarta ce ta ba shi kunya. Ya rantse sai ya kawo abin da zai fitar da muryar Baffa yadda take, Inna ta ji da kunnenta, ta yarda cewa shi ne.

A Kalgo akwai Mamman mai gyaran rediyo, wani siririn mutum mai tabarau ɗaure da zare, wanda ba ya gaggawar komi, har gaisuwa. Shi ne Umaru ya ja zuwa siton Yusufu, mai shigo da kayan wuta daga Kwatano. Tun daga ƙofa Mamman ya gane zai sha aiki, don Alhaji ya bar kiwo shekara ashirin amma kiwo bai bar shi ba. Umaru ya tsaya a gaban wasu lasifikoki biyu baƙaƙe, kowace ta kai masa ƙirji. Ya zagaye su sau biyu. Ya bubbuga gefen guda da tafin hannu, ya sunkuya ya leƙa ƙasanta, ya rungume ta ya ɗaga don ya ji nauyi. Daga nan ya ce a cire masa ƙyallen gaban.

"Mi za ka duba a ciki, Alhaji?" in ji Mamman.

"Baki mana. Ana sayen abu ba a duba bakinsa ba?"

Yusufu ya yi maza ya cire ƙyallen, yana zuba kirari. Wai waɗannan in an kunna su a Kalgo, sai mutanen Diggi sun aiko a rage. Umaru ya ji daɗin maganar har ya gyara hula.

Mamman ya matso kusa. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa jikin ƙatuwar lasifikar, ta amsa da ƙara irin ta gwangwanin da ba komi a ciki. Ya je lungu ya jawo wasu ƙanana guda biyu masu launin ƙasa, waɗanda ƙura ta rufe, ya ƙwanƙwasa. Suka ce ɗif.

"Ka ji? Wagga katako ne na gaske, ba ya ƙara wa murya komi daga aljihunsa. Waccan babbar kuwa rabinta iska ce. In kiɗan biki kake so, ɗauki manyan. In muryar mutum kake so, ga su nan."

"Waɗannan 'yan maruƙa?" Umaru ya taɓe baki. "Malam Mamman, in shiga Gwandu da waɗannan a bayan mota, ai sai a ce karayar arziki ta same ni."

Suka yi ta ja har aka kira azahar. A ƙarshe aka raba gardama: manyan biyu a gaba don idon jama'a, ƙananan biyu a baya don ran Mamman ya yi sanyi. Wajen amfilifaya dai, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, Mamman ya kafe, ya ce in ba a ɗauki wadda ya zaɓa ba, mai nauyi kamar dutsen niƙa, wadda za ta iya jan lasifika huɗu ba ta yi zafi ba, to a nemi wani mai haɗawa. Aka ƙara da dek, na'urar da ake saka kaset a ciki. Yusufu ya ga Alhaji ya yi laushi, sai ya tura masa talabijin da bidiyo, wai su 'yan ɗaki ɗaya ne, ba a raba su. Da yake ruga babu wutar NEPA, aka ɗora janareto a kai. Motar a-kori-kura ta cika taf, Umaru ya sa direba ya bi ta tsakiyar kasuwa a hankali, ko da yake ba nan hanyar take ba.

A rugar akwai ɗakin siminti mai rufin kwano da Umaru ya gina wa Inna shekaru uku da suka wuce, ya shafe shi da shuɗin fenti. Ba ta taɓa kwana a ciki ba. Ta ce zafi, ta mai da shi ma'ajiyar ƙore. Nan aka kwashe ƙoren aka shigar da kaya.

Kwana biyu Mamman yana aiki, kwana biyu yana ɓata wa Alhaji rai. Da farko janareto ne: ana tayar da shi kaji suka watse, maruƙa suka tsinke igiya. Mamman ya sa aka haƙa rami a bayan rumbu aka saka shi, aka ja waya mai tsawo. Sai kuma ɗakin kansa. Mamman ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya, ɗakin ya maido masa da tafi uku.

"Alhaji, ɗakinka yana da surutu. A samo mini tabarmi da zana, da duk wata fata da ke gidan nan."

"Ka rufe mini fenti da zana? Ka san daga inda aka kawo fentin nan?"

"Fenti ba ya jin magana, Alhaji, maimaita ta yake yi."

Haka Umaru yana ji yana gani aka lulluɓe bangonsa da tsofaffin tabarmi, aka ɗaure zana a ƙarƙashin kwano, aka shimfiɗa ƙiraga a ƙasa, har da buzun sallar Baffa aka rataye a bangon baya. Ɗakin da ya gina don ya fita daban da bukkoki, ga shi ya koma bukka, sai dai mai kusurwa huɗu. Mamman ya karɓi igiyar ɗaure maruƙa ya auna daga kowace lasifika zuwa tsakiyar ɗaki, ya dasa kujera ɗaya a wurin, ya ce nan ne kaɗai sauti ke haɗuwa. Umaru ya so a juya manyan su fuskanci taga don mutanen hanya su amfana. Mamman ya ce sai dai bayan ya tafi.

Rana ta uku da la'asar aka gama. Adamu ya koro shanu da wuri don kada a yi babu shi, ya bar su a bakin rijiya. Boɗe kaɗai ta tsaya can nesa a gindin gawo. Tsohuwar jar saniya ce mai dogayen ƙahoni, ta hannun daman Baffa, wadda tun da ya rasu ba ta amsa kiran kowa. Kullum sai Adamu ya taka ya jawo ta da igiya, tana tafe tana hararsa.

Aka fara gwaji da fim ɗin kaboyi. Aka zaunar da Adamu a kujerar tsakiya. Dawaki suka taso daga lasifikar baya ta hagu, suka bi ta ƙeyarsa suka fita ta gaba. Kafin ka ce me, Adamu ya yi tsalle ya rarumi sandarsa ya juya yana neman inda suka shigo. Umaru ya yi dariya har da hawaye. Yau ya rama.

"Je ka kira Inna," in ji shi, yana share ido.

Inna Delu ta ƙi shiga. Ta ɗauko 'yar kujerarta ta zauna a waje, gefen ƙofa, ta ba ɗakin baya, tana tsince wake a faifai. Umaru ya ciro kaset ɗin daga aljihun ƙirji, ya hure shi, ya yi bisimilla, ya miƙa wa Mamman. Ya zauna a kujerar tsakiya.

"Hooi, Boɗe! War, war!"

Subhanallahi. Akuyar nan dai ce, sai dai yanzu ta samu lasifika huɗu da amfilifaya. Ta cika ɗakin, ta fito ta gaba, ta fito ta baya, tsaf, ba ko ɗigon shuu. Duk abin da aka kwaso daga siton Yusufu ya yi aikinsa da gaskiya, ya fitar da ita ƙarara.

Daga waje aka ji muryar Inna, a natse:

"Adamu, gaya wa yayanka akuyar ta girma. Allah ya sa albarka."

Umaru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya juya kan Mamman, don dole a samu wanda za a juya a kansa. "Ka gani? Waɗannan 'yan maruƙan naka ne suka ɓata komi!"

Mamman ya ɗaga masa hannu alamar ya yi shiru. Ya mai da kaset baya ya sake sakawa, ya kara kunne, amma ba kiran yake saurare ba. Can a bayan muryar akwai ƙarar daka, tim-tim-tim-tim.

"Wace ce wagga mai daka kamar ana binta da bulala?"

"Matata ce," in ji Adamu. "Kuma wallahi tun da na aure ta ba ta taɓa daka da sauri haka ba."

Mamman ya sauke tabarau kan hanci ya dubi Alhaji. "Ranar da ka ɗauki kaset ɗin nan, wane batir ka sa a rikoda?"

"Batir dai. Batir mai kyau."

"Hamma, ka ji tsoron Allah," in ji Adamu, yana duban yayansa. "Na tocilan ɗin Baffa ne ka kwashe. Sun mutu murus, ka shanya su a kan rumbu tun hantsi, ka bi su ɗaya-ɗaya ka ciccije da haƙori, ka ce sun tashi."

"To ai sun tashi! Ba ga shi ta ɗauka ba?"

"Sun tashi da rarrafe," in ji Mamman. Ya yi masa bayani dalla-dalla. Batir mai rauni yana jan zaren kaset a hankali. In aka zo aka saka shi a na'ura mai cikakken ƙarfi, sai ta ja shi da sauri, murya ta tsuke ta haye sama. Ko lasifika ɗari aka jera daga nan har Dangoma, akuya za su fitar. "Laifin ba na rikoda ba ne, Alhaji, ba kuma na 'yan maruƙa ba. Haƙoranka ne."

Adamu ya fita waje don ya yi dariyarsa a wadace. Umaru ya dubi kaset ɗin. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauka ƙasa.

"Shi ke nan, ya tafi ke nan?"

"Bai tafi ba. Yana ciki, sauri kawai yake yi."

Mamman ya kwance murfin dek ɗin. A bayan ɗan injin da ke juya kaset akwai wani rami ƙanƙane, da ɗan noti a ciki wanda bai fi ƙwayar gero ba. Ya zura siririyar sukundireba. Ya ce in ya juya hagu injin zai rage gudu, muryar ta sauko. Abu ɗaya ne shi ba zai iya ba: bai taɓa jin marigayin ba, bai san inda zai tsaya ba. Sai wanda ya san muryar ya ce masa nan.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Umaru. "Ubana ne fa."

Aka saka. Mamman ya juya kaɗan. Akuya ta zama tsohuwa. Ya ƙara, ta zama saurayi. Ya ƙara, ta zama wani dattijo da Umaru bai sani ba. Ya ƙara, ta koma kamar mai magana daga cikin rijiya. Umaru ya ce a koma baya. Aka koma. Ya ce a ƙara. Aka ƙara. Wata nawa yana sauraren kaset ɗin nan safe da yamma, a mota, a shago, har siririyar muryar ta zauna masa a kunne ta ture ta gaskiyar. Ya lalubi muryar ubansa a cikin kansa, bai same ta ba. Wannan ya fi maganar akuya ciwo nesa ba kusa ba, kuma ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Aka kira Adamu. Shi ma sai kame-kame: "Kamar nan... a'a, ɗan ƙara... kai, kamar ta ɗazu ta fi." Umaru ya daure ya je ƙofa ya durƙusa a bayan mahaifiyarsa.

"Inna, ke kaɗai kika rage. In an zo wurin, ki ce mana nan."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Matar da ta shekara arba'in da biyar ba ta kama sunan mijinta ba, ita za a ce ta tsaya gaban baƙo ta shaida muryarsa?

"Adamu, gaya wa yayanka ni wake nake tsinta."

Umaru ya koma ya zube a kujera. Mamman, wanda ba ya gaggawar komi, ya zura biro a kaset ya mai da shi baya, ya ce bari a bi a hankali daga sama har ƙasa, ko Allah zai sa. Ya ɗan ƙara sauti. Kira, juyi kaɗan, mai da baya. Kira, juyi kaɗan, mai da baya. Sau bakwai, sau takwas.

"Hooi, Boɗe! War, war!"

Daga gindin gawo aka ji wani kuka mai tsawo.

Mamman ya ɗauke hannunsa daga sukundireba cak. Suka dubi juna. Sai ga ƙarar kofato tana matsowa, ba irin ta fim ba, wannan ƙasa ce ke amsawa. Adamu ya leƙa ya ce, "La ilaha illallahu, Hamma, gudu take yi!" Saniyar da sai an ja ta da igiya, ga ta nan ta ratso tsakar gida, ta ture turmi, ta wuce Inna, ta karkata ƙahoninta ta cusa kai cikin ɗakin. Ta dubi hagu, ƙaho ya shige bakin ƙatuwar lasifika ɗaya, ɓurum. Ta juyo dama tana neman mai kiranta, ta biyun ta kife a ƙasa, wayarta ta tsinke. Mamman ya haye kan teburin talabijin rungume da dek ɗinsa.

Manyan biyu sun mutu, amma kaset bai tsaya ba. Daga 'yan maruƙan nan na baya, gefen buzun da ke rataye, muryar ta ci gaba, cikakkiya, da 'yar dishewar nan tata ta mai cin goro. Umaru bai ko kalli lasifikokinsa ba. Baffa ne, wallahi Baffa ne, kamar ya tsaya a bayansa da sanda a kafaɗa. Boɗe ta tsaya tana huci, tana shinshinar buzun. Aka ji tsohon ya yi gyaran murya, ya yi 'yar dariya, sannan ya ɗaga murya wajen gida, yadda ya saba kullum in ya gama kira:

"Wa ke ciki? A kawo ruwa."

"Na'am!"

Daga ƙofa amsar ta fito, da sauri, kafin mai ita ta san ta yi. Aka ji faifai ya faɗi, wake ya watse. Kaset ya kai ƙarshe ya ce ƙas.

Ba wanda ya yi motsi sai Adamu, da ya lallaba ya ja Boɗe waje da baya-baya. Mamman ya sauko daga tebur yana gyara tabarau. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Alhaji, in na bar notin nan a nan, ka sani duk wani kaset da za ka saka a dek ɗin nan ja zai riƙa yi. Mawaƙanka duk za su koma kamar masu jin barci. Kaset ɗaya kaɗai zai yi daidai."

"Ɗiga masa kyandir," in ji Umaru. "Kada ya motsa."

Sai ƙofa ta yi duhu. Inna Delu ce, ta ja mayafi ta rufe kai har goshi, yadda take yi in Baffa ya dawo daga kiwo, riƙe da ƙwaryar ruwa da hannu biyu. Ta shigo ɗakin da ta ce ba ta shiga. Ta tsaya tana duban bangon baya, inda babu kowa sai buzu da 'yan akwatuna biyu. Adamu yana waje yana fama da saniya, babu wanda za a bi ta kansa.

Ta juyo ta dubi ɗanta na fari, ido cikin ido, ta miƙa masa.

"Karɓi ka sha," in ji ta. "Shi ya ce a kawo."